Adireshin Anti Kati

A asibitin idon da nake aiki, in ka shigo ta ƙofar gaba ka wuce bencinan masu jira, za ka tarar da wata taga mai ƙarafuna, da ɗan katako a gabanta wanda gwiwar hannun jama'a ta goge har ya yi santsi. Shekara ashirin da shida Anti Kati ta yi a bayan tagar nan. Ita ke yanka katin ganin likita, shi ya sa sunan ya bi ta, har manyan likitoci haka suke kiranta. Ita ce kuma ke shigar da sunan duk wanda aka ce sai an yi masa aikin yanar ido cikin jerin masu jiran tiyata. Ni kuwa ni ne mai kula da kwamfutocin asibitin, kuma ni na goge mata mutum ɗari takwas da arba'in da biyu daga jerin nan cikin daƙiƙa huɗu. Na faɗa tun da wuri ne don kada wani ya kai tsakiyar labarin yana yi mini kallon mutumin kirki.

Da shara ta fara. Tana 'yar shekara sha tara ta rako mahaifiyarta asibitin, aka duba tsohuwar aka ce an makara, yanar ta daɗe har ta taɓa jijiya. Suka koma gida. Bayan wata biyu ita kaɗai ta dawo neman aiki, aka miƙa mata tsintsiya da bokiti. Ta shekara bakwai tana sharar barandar nan, sai wata rana mai yanka kati bai zo ba, layi ya kai bakin titi, wata nas ta leƙo tana tambaya ko akwai mai rubutu mai kyau. Anti ta jingine tsintsiya ta zauna, kuma daga ranar kujerar ta zama tata. Tana kan aikin ta yi aure, ta haifi biyu, mijin da yake direban babbar mota ya rasu a hanya, 'yar ta yi aure nesa, ɗan ya tafi wani gari neman abin yi. Da na san ta, ita da ƙanwarta ne a ɗaki biyu bayan wani injin niƙa da ke hana su jin maganar juna har la'asar.

Kada ka ɗauka mace ce mai sanyin baki. In ɗa ya kawo ubansa idon ya riga ya yi fari fat, sai ta tsare shi ta taga ta wanke shi tas a gaban jama'a. Amma tsofaffin kansu lallashinsu take yi da tsokana.

"Baba, in an buɗe idon nan ka ga fuskata, kada ka ce a mayar maka da yanarka," haka take cewa, benci duka ya ɗauki dariya.

Jerin tiyata dogo ne. Mutum wajen dubu uku ne a ciki, ana yi wa tamanin a wata, don haka jiran kan kai shekara uku. Anti ta ga yadda tsofaffi ke wahalar zuwa duk wata don su ji ko an zo kansu: mota biyu ko uku, ga wanda zai bar aikinsa ya riƙo musu hannu, ga faɗuwa a kwata. Sai ta kafa dokarta. Duk wanda ta shigar, takan karɓi lambar wayarsa ko ta ɗansa ko ta maƙwabci, ta miƙa masa katinsa ta ce: "Ku koma gida. Kada in sake ganin ƙafarku a nan, ni zan kira." Kuma tana kira. Farkon kowane wata ake buga mata sunayen mutum tamanin na gaba, ta zauna da wayar ofis ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai ɗauka ba ta sake kira, wanda wayarsa ta mutu ta aika ta bakin direbobin hanyarsu. Mutane suka yarda da ita, suka zauna gida.

Shekara shida kafin zuwana aka kawo wa asibitin kwamfuta, aka kwashe manyan littattafan rajista aka ce an gama da su. Fam ɗin da ke cikin kwamfutar yana da gurbin adireshin imel, kuma in ba a cika shi ba, ba ya yarda ya ajiye sunan mutum. Wanda ya tsara shi, ko waye shi, bai taɓa ganin bencinmu ba. Wasu tsofaffin 'ya'yansu na da imel, sai a sa nasu. Amma akwai wanda in ka ce masa imel sai ya ce bai sha wannan maganin ba tukuna. Anti ta gwada barin gurbin fanko, ya ƙi. Ta rubuta babu, ya ƙi. Ta je wurin shugaban sashe na lokacin, ya ce mata ta yi duk yadda za ta yi, shi dai layi ya motsa. Sai ta tuna ɗanta ya taɓa buɗe mata imel don ya riƙa turo mata hotuna. Ta sa nata, fam ya karɓa. Daga ranar duk tsohon da ba shi da adireshi, nata take ara masa.

Ban san wannan ba lokacin da na zo, kuma ban tambaya ba.

An ɗauko ni ne don in kwashe bayanan daga tsohon tsari zuwa sabon rumbun bayanai. Ga wanda bai sani ba, rumbun bayanai jadawali ne kawai irin na littafin rajista: kowane mutum da layinsa, kowane layi da gurabensa na suna, shekaru, waya, imel, da ranar da aka shigar da shi. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ka zaɓi abu guda da na'ura za ta riƙa bambance mutum da mutum da shi. Na san yadda ya kamata a yi, an koya mana tun shekarar farko a makaranta. Mutane a jadawalinsu, kowa da lambarsa. Adireshi a wani jadawali dabam, lambar mutum ce ke haɗa su. Ta haka mutum ɗaya zai iya samun adireshi uku, adireshi ɗaya kuma zai iya ɗaukar gida guda. Aikin mako biyu ne. Daraktan asibitin ya ba ni kwana biyar, ni kuma ina sabon zuwa, ina son a ce yaron nan wuta ne.

Tsohon jerin cike yake da maimaici, wannan gaskiya ne. Akwai masu wayon da kan yi rajista sau biyu ko uku da fatan ɗaya ta riga fita. Sai na ce abu mai sauƙi, imel ai ba ya zama na mutum biyu. Na kafa wa sabon jadawali doka cewa adireshi ɗaya, mutum ɗaya. Sannan na rubuta wa na'ura tambaya: tara mini layukan bisa adireshin imel, ƙirga kowane tari, nuna mini duk wanda ya wuce ɗaya. Amsa ta fito. Yawancinsu biyu ne, uku, wani huɗu. A can sama kuwa akwai adireshi guda mai ɗari takwas da arba'in da uku.

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Adireshin wani sunan wasa ne irin na yara da lambobi a bayansa, na ce wannan shirmen gwaji ne da masu kafa tsohon tsari suka bari. Da na buɗe layi goma kawai na karanta, da na ga sunaye dabam-dabam, shekaru dabam-dabam, wayoyi dabam-dabam. Da na miƙe na yi taku goma sha biyu, da na isa tagar Anti, lokacin tana can tana yi wa wani faɗa ina jiyo muryarta. Ban yi ko ɗaya ba. Na rubuta umarni na biyu: a kowane tari ka bar layin da aka shigar a ƙarshe, ka goge sauran. Na danna. Na tafi na sha shayi da hantsi ina jin kaina.

Mako bakwai ba wanda ya lura. Jerin ya sauko daga dubu uku zuwa dubu biyu da 'yan kai, Darakta ya rubuta wa na sama cewa sabon tsari ya tsabtace jerin jira, aka aiko masa da takardar yabo, ya sa ta a gilashi ya rataye. A cikin makonnin nan aka goge duk abin da ke cikin tsohuwar na'ura aka ba ɗakin magani ita. Kwafin bayanan da ake ajiyewa don ɓacin rana kuwa na kwana talatin ne, sabo na hawa kan tsoho. Ni na tsara shi haka.

Ranar wata Litinin da safe Anti ta shigo ɗakina da takardar sunayen wata a hannu. Ba ta taɓa shigowa ba, ta ce sanyin ɗakin na kama mata gwiwa.

"Injiniya, na'urarka ta ci mini mutum."

"Wane mutum, Anti?"

"Baba Mai Agogo. Wanda ke gyaran agogo a bakin tasha. Wata biyu da suka wuce 'yarsa ta kira, na duba na ce mata saura mutum sittin a gabansa. Wancan watan bai fito ba, na ce ko lissafina ne. Wannan ma bai fito ba. Kuma ba shi kaɗai ba, duk takardar nan ba tsohona ko ɗaya, sai masu 'ya'ya 'yan boko."

Na ce ta faɗa mini sunansa, na nema, babu. Na ce lambar wayarsa, ta ce ai tana cikin na'ura, shi ya sa aka sayi na'urar. Na ce to imel ɗinsa fa. Ta dube ni kamar na tambaye ta lambar jirginsa.

"Wane imel? Mutumin da ba ya ganin allurar agogo? Nawa na sa masa, kamar sauran."

Ta faɗi adireshin. Sunan wasan nan ne, wanda mahaifiyarta ke kiranta da shi tana ƙarama. Na buga shi, layi ɗaya ya fito, wata tsohuwa da aka shigar ana gobe zan yi aikina. Na daɗe ina kallon allo, ita kuma tana tsaye tana jira in ce ga shi nan. Da na yi mata bayani ba ta yi ihu ba, ni da na saba jin muryarta ta bango. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "To dawo da su." Na ce ba inda zan samo su. Ta ce, "Na ce musu su zauna gida." Sau uku ta faɗi haka, ba da ni take ba.

Ranar na ɗan samu abin riƙewa, kuma na yi murna da shi fiye da yadda ya cancanta. Tsohon tsari kan aika saƙon tabbaci ga duk wanda aka shigar, kuma duk na tsofaffin nan akwatin Anti suka tafi. Ba ta taɓa goge ko ɗaya ba, don ba ta san yadda ake gogewa ba. Muka buɗe, ga su nan dubbai, sun binne hotunan jikokinta. Sai dai saƙon layi biyu ne: an shigar da kai, lambarka kaza, ranar kaza. Ba suna, ba waya. An yi haka ne wai don kare sirrin majiyyaci. Na kwashe lambobin na zuba a jadawali, na ce wa na'ura ta cire duk wadda ke cikin waɗanda aka riga aka yi wa aiki, ta cire duk wadda ke cikin jerin yanzu, ta ba ni saura. Ta ba ni ɗari takwas da arba'in da biyu cif. Tambayar ta yi kyau, ba kuskure ko ɗaya a cikinta. Na buga mata lambobin a takarda goma sha bakwai.

Muka ɗauka muka je wurin Darakta. Anti ce ta yi magana.

"Yallaɓai, kowannensu na da kati a hannunsa, lambarsa na jiki. A yi sanarwa a rediyo, duk mai jiran aiki ya zo da katinsa. Wanda lambarsa ke takardar nan, a mayar da shi inda yake."

Darakta mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka fita daga ofis kana godiya alhali an hana ka. Ya ce ya ji zafin abin ƙwarai. Ya ce amma saƙon da ke akwatin ma'aikaciya na kanta ba takardar asibiti ba ce. Ya ce masu bincike daga sama suna bin jerin ne bisa ranar shigarwa, kuma shigar da mutum yau da kwanan watan shekara uku baya laifi ne da ke kai mutum gaban kwamiti. Sanarwa kuwa, ya ce, za ta tayar da hankalin jama'a ne kawai. Duk wanda ya zo da ƙafarsa a yi masa sabuwar rajista, ba wanda za a kora.

"A ƙarshen layi ke nan, yallaɓai."

"A inda tsari ya sa shi."

"Wasu ba su da wasu shekara ukun. Idon ba zai jira ba."

Ya juyo wurina ya ce in rubuta masa rahoton yadda abin ya faru, gajere. A nan ne na yi abu na biyu, wanda ya fi na farko muni, don na farko ban sani ba. Na rubuta cewa an samu asarar bayanai sakamakon shigar da adireshi guda ga majiyyata da yawa, saɓanin ƙa'ida. Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Ban rubuta cewa na ga ɗari takwas da arba'in da uku na yi dariya ba. Matata na da ciki wata bakwai lokacin, kuma ban cika wata uku a aiki ba, wannan shi ne abin da nake gaya wa kaina. Aka ba Anti takardar tuhuma, aka ɗauke ta daga taga aka kai ta ɗakin ajiye zannuwan gado. Bayan wata huɗu ta ajiye aiki. An yi mata ɗan taro da lemo da biskit, Darakta ya ce ba za a taɓa mantawa da ita ba.

Ta san abin da na rubuta, an karanta mata. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai, ranar da take kwashe kofinta da darduma daga ofis, shi ne: "Kana da babur, ko? Asabar ka zo ka ɗauke ni."

Haka muka fara yawo. Anti ba ta riƙe sunaye sosai, sana'a da unguwa take riƙewa. Mai wankin hula da ke kusa da gidan ruwa. Tsohuwa mai ɗan gurgu a bayan makarantar 'yan mata. Mai faci da ya ce gidansu na kallon maƙabarta. Ta cika littafin makaranta guda da irin wannan, mu kuma mu bi lungu muna tambaya. Wani lokaci a yi sa'a, a fito mana da kati a cikin leda, mu duba lambar a takarduna goma sha bakwai, ta ja layi a kai. Sau da yawa a ce ba a san shi ba, ko ya koma ƙauye, ko Allah ya yi masa rasuwa bara. Waɗanda ke garuruwan nesa kuwa, ko hanyar ba mu sani ba. Wasu kimanin ɗari sun gaji da jira sun zo asibiti da kansu, waɗannan su ne marasa jin magana, kuma su suka fi kowa sa'a.

Duk wanda muka samu sai na buɗe masa imel kafin sabon tsari ya karɓe shi, tunda dokar da na kafa tana nan daram. Na rubuta takarda sau biyu a ba ni mako biyu in raba jadawalin yadda ya kamata, aka ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Don haka ina zaune a tabarmar mutane da kwamfuta a cinya, ina ƙirƙira wa makaho ɗan shekara tamanin adireshi da kalmar sirri, ina rubuta masa a bayan kati. Na'ura kuma ta aika masa saƙon barka da zuwa. A shekara guda mun samu mutum sittin da ɗaya. Ka cire su, ka cire ɗarin da suka zo da kansu, ka ga abin da ya rage. Na daina yin wannan lissafin a gaban Anti.

Baba Mai Agogo shi ta fi nema, shi kuma ya fi wuyar samu. Teburinsa na bakin tasha wani mai sayar da cajar waya ya gaje shi, bai ma san an taɓa gyaran agogo a wurin ba. Wani kwandasta ya ce yana jin 'yarsa ta ɗauke shi. Wace 'yar, a ina, bai sani ba. Wata takwas muna bin zancen, sai wata mai kitso ta ce akwai wani tsoho makaho a layinsu da mutane ke kai wa agogo yana sa shi a kunne ya faɗi abin da ke damunsa.

Da azahar muka isa. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, igiyar shanya ta raba tsakar gida biyu. Yana zaune a kan benci a inuwar bango, dogon mutum siriri, rigarsa a goge. Idanun duka biyu sun yi fari. A wuyansa akwai ƙaramar waya a rataye da igiyar takalmi. 'Yarsa, mace mai kimanin shekara arba'in da hannu duk kumfar wanki, ta ce ko wanka zai shiga sai an tsaya da wayar a bakin ƙofa, kuma kullum da safe sai ya sa an duba masa ko da caji.

Anti ta yi sallama. Kafin ta rufe baki ya ɗago kai.

"'Yar Kati! Muryar nan ko a kasuwa na ji ta na san ta." Ya juya wajen 'yarsa yana dariya. "Ba na gaya miki ba? Kin dame ni mu je mu je, na ce yarinyar nan ta ce kada ta ga ƙafata, kuma ba ta saɓa magana. Ga shi da kanta ta zo. Kawo musu ruwa."

Anti ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki. Ya ce jiki lafiya lau, ido ne dai. Na dama ya daɗe da tafiya, na hagun da yake ganin hasken ƙofa da shi, shi ma tun watanni biyar ya rufe, kuma yana masa ciwo da zafin rana. Na ga Anti ta runtse ido da ta ji zancen ciwon, ta shekara ashirin da shida tana jin abin da likitoci ke cewa a kan irinsa. Ya ce kayan aikinsa na nan a akwati, ya hana a sayar, ya shafa musu mai da kansa. Ya laluba aljihu ya fito da katin, a naɗe cikin leda biyu. Na duba lambar, tana shafi na farko, layi na tara. Anti ta karɓi biro ta ja layi.

Na buɗe kwamfuta na yi abin da na saba. Na ƙirƙira masa adireshi, na cika gurabe, na danna. Sabuwar lamba ta fito, da adadin waɗanda ke gabansa a ƙasanta.

"Wannan ƙarar me ce?" in ji shi.

"Injiniyanmu ne, Baba, yana gyara takardunka."

"Madalla, Allah ya yi masa albarka. To 'yata, yaushe ne? Wancan karon kin ce saura sittin. Na san abin da yawa, ban ƙosa ba. Yanzu saura nawa?"

Anti, matar da ke tsayar da layin mutum ɗari da murya ɗaya, ta juyo tana kallona, 'yarsa ma ta tsaya da kofin ruwa a hannu tana kallona. Na so in ce saura kaɗan. Na ga idan na faɗa zai gyara zaman wayar a wuyansa ya ci gaba da jira, kuma zai yarda, don tare da Anti na zo.

Na ce, "Baba, dubu biyu da ɗari uku da sha huɗu."

Ya karkato kunnensa wajena yadda yake yi wa agogo.

"Yaro, sake faɗa. Ina jin lambar wani ka karanta."